Gidan hutu a bakin tafki a karkarar Sakkwato: neman shawarar masu sani

Mai shirin ritaya ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan cikin garin Sakkwato, kuma lokacin ajiye aikina ya matso. Na daɗe da niyyar samun ɗan fili a bakin ruwa, can cikin karkara, in gina ƙaramin gida wanda ni da iyalina za mu riƙa zuwa hutu, musamman a watannin bazara, lokacin da zafin gari yake wuce digiri 40, wutar lantarki kuma ba ta zama. Abin da nake so bai wuce ɗakuna uku da rumfa da 'yan itatuwan mangwaro ba, a wurin da babu hayaniyar ababen hawa, inda mutum zai yi sallar asuba ya zauna ya yi karatunsa ba tare da kowa ya dame shi ba.

Wuraren da suke zo mini a rai su ne tafkin Kware, saboda kusancinsa da gari, da gefen madatsar ruwa ta Goronyo, saboda faɗin ruwan, sai kuma wajen madatsar Lugu ta ƙasar Wurno. Ina roƙon waɗanda suka san waɗannan wurare su ba ni shawara a kan abu uku: wurin da ya fi dacewa, hanyar da ake bi a mallaki fili a irin wannan wuri ba tare da rigima ta biyo baya ba, da kuma batun lafiyar yara, domin uwargida ta ce ita damuwarta sauro ne. Burina dai wurin ya kasance keɓantacce, nesa da mutane gwargwadon hali. Allah ya saka da alheri.

Tsohon ma'aikacin safiyo ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a gama aiki lafiya. Zan tsaya a kan batun fili, domin shi ne abin da na yi rayuwata a kai.

Kada ka je duba fili a bakin ruwa da bazara kaɗai ka yanke shawara. A watan Afrilu ruwa ya ja baya, ƙasa ta bushe, ko'ina kamar ana iya gini a kai, alhali wurin da kake tsaye yana iya zama ƙarƙashin ruwa a watan Satumba. Ka koma a ƙarshen damina ka ga inda ruwa ya tsaya da idonka, sannan ka nemi dattawan ƙauyen su nuna maka iyakar da ya kai a shekarar 2010. Kowa a yankin yana tuna wannan shekara, lokacin da ruwa ya yi yawa aka buɗe ƙofofin madatsar Goronyo, kogin Rima ya malale gonaki da ƙauyuka, har gadar da ke kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yanke. Duk filin da ruwan wannan shekara ya taɓa, ka bar shi ga masu shinkafa, kai kuma ka hau tudu. Ko da babu ambaliya, baƙar lakar fadama tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, kuma ginin siminti da aka ɗora a kanta ba ya jimawa bango yake fara darewa. Ka lura za ka ga tsofaffin ƙauyukan bakin ruwa duk a kan jigawa suke zaune, fadamar kuwa an bar ta ga noma.

Game da Goronyo, ka sani cewa madatsar ta gwamnatin tarayya ce, an kammala gina ta a 1984, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce take kula da ita. Saboda haka filin da ke dab da ita ba kowane ne mutum yake da ikon sayar maka ba, ko da kuwa shi yake noma shi. Bakin ruwan ma ba ya tsayawa wuri ɗaya, domin a 2018 ruwan madatsar ya ragu ƙwarai har hankalin mahukunta ya tashi, tun da garin Sakkwato ya dogara da shi wajen ruwan sha. Gidan da yake kallon ruwa a bana yana iya wayar gari yana kallon busasshen fili mai nisa.

A ɓangaren takarda, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sanya filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka irin na gargajiya a filayen karkara. Amma kafin a kai ga ofis, aikin yana farawa ne daga hakimin ƙauye zuwa uban ƙasa. Mafi yawan gonakin da za a nuna maka na gado ne waɗanda ba a raba ba, don haka ka tabbata duk magada, har da mata, sun amince sun sa hannu a gaban shaidu. Ka kuma bincika ko gonar tana hannun wani a matsayin aro ko jingina. Na ga rigingimu da yawa da suka taso bayan shekaru, lokacin da wani ɗan uwa ya dawo daga ci-rani ya tarar an sayar da rabonsa bai sani ba.

Ɗan masunta daga ƙasar Kware ya amsa:

Ranka ya daɗe, ina yi maka fatan alheri, kuma ina goyon bayan abin da Baba mai safiyo ya faɗa. Ni a bakin ruwa aka haife ni, mahaifina masunci ne, don haka maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda ka rufe da ita, cewa kana son wuri nesa da mutane.

A ƙasarmu babu bakin ruwan da babu mai shi. Mutumin birni yana zuwa da rana tsaka ya ga wuri shiru, ya ɗauka babu kowa, amma da zai kwana zai ga tun kafin ketowar alfijir masunta sun fito da jiragensu suna duba ragar kalli da igiyar ƙugiyoyi ta mamari da suka kafa da yamma, wasu kuma suna jefa ragar birgi a gefen ciyawa. Hantsi na yi, masu noman rani za su tayar da injinan ban-ruwa a fadamun albasa da rake da tumatir, ƙarar kuma ba ta yankewa sai la'asar. Da rana garken shanu zai gangaro mashaya ta burtalin da iyaye da kakanni suke bi. Mata suna zuwa wanki, yara suna zuwa ɗibar ruwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da hanyarsa da ya saba bi zuwa ruwa, kuma ba a rubuce take a kowace takarda ba.

Abin da nake tsoro shi ne mutum ya sayi fili da kuɗinsa na halal, ya zagaye shi da katanga har bakin ruwa domin neman keɓewa, ya toshe burtali ko hanyar masunta bai sani ba. Wannan shi ne mafarin gaba, kuma wanda ba ya kwana a gidan kullum shi ne zai fi cutuwa da ita. Shawarata ita ce ka bar tazara mai kyau tsakanin katangarka da ruwa, kuma kafin a kafa harsashi ka kai gaisuwa wurin sarkin ruwa, ka kai wurin arɗon Fulanin yankin, ka tambaye su da bakinka ko wurin ya tare wa wani hanya. Za su gaya maka gaskiya, kuma za su riƙe wannan girmamawa da ka yi musu.

Sannan gidan da za a rufe wata biyu ko uku babu kowa yana bukatar mai zama a ciki. Gara tana cin ƙofa da azara, ɓeraye da macizai suna samun mafaka, iskar farkon damina tana iya yaye kwano ba wanda ya gani. Ka ɗauki magidanci ɗan ƙauyen, ka gina masa ɗaki da iyalinsa a gefe, ka ba shi wani yanki ya riƙa nomawa bayan albashinsa. Idan ka zo, ka fita sallah a masallacin gari, ka je ta'aziyya da suna, ka sayi kifi a hannun masu kama shi. Zama da mutane shi zai tsare maka gidan fiye da kwaɗo da katanga.

Kuma kada wannan ya sanyaya maka gwiwa, domin daɗin wurin na gaske ne. Da hunturu za ka ga hazo ya kwanta a kan ruwa da safe, tsuntsaye baƙi da suke zuwa daga ƙasashe masu nisa sun cika gefen tafki tare da balbela da zalɓe. Za a kawo maka karfasa da tarwaɗa da ƙurungu suna motsi a cikin ƙwarya, a gasa maka a kan garwashi da ɗan gishiri da yaji. Da bazara iskar da take tasowa daga kan ruwa da dare tana sa mutum ya yi barci a tsakar gida ba tare da fanka ba. Shirun da kake nema za ka same shi, daga bayan isha'i zuwa asuba, da kuma tsakiyar rana.

Ma'aikaciyar lafiya ta amsa:

Alhaji, a gaishe da Hajiya, kuma a gaya mata damuwarta tana kan hanya. Sauro yana yawaita a bakin ruwa, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka, kuma ciyawar da take rufe gefen tafki tana ƙara masa wurin hayayyafa. A sanya raga a tagogi da ƙofofi tun lokacin gini, kowa ya kwana a cikin gidan sauro mai magani ko da a tsakar gida za a kwanta, yaran da ba su kai shekara 5 ba kuma a tabbata suna karɓar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa wata-wata da damina. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi a yi masa gwaji a ranar, kada a jira sai an koma gari.

Abin da mutanen birni suka fi mantawa da shi kuwa shi ne tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin ƙananan dodon koɗi da ke cikin ruwan da ba ya gudu sosai, tana fitowa ta shiga fatar wanda ya yi wanka ko ya tsaya a cikin ruwan, ba sai ya sha ba. Bayan wani lokaci sai a ga yaro yana fitsarin jini. Ana warkar da ita da maganin praziquantel, amma idan aka yi sakaci ta daɗe tana lahanta mafitsara da ƙoda. Yara kuwa da sun ga ruwa sai sun shiga, don haka a kafa musu doka tun ranar farko, saboda tsargiya da kuma haɗarin nutsewa, domin yaron birni bai san inda ƙasa take zurmawa ba.

Ruwan sha da na wanka ya kasance daga rijiyar burtsatse, wadda za a iya haɗa ta da sola, a kuma haƙa masai nesa da ita da kimanin mita 30, ta ɓangaren gangare, yadda ƙazanta ba za ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga rijiyar ko tafkin ba. A share ciyawa a kewayen gida saboda kububuwa da gamsheƙa, kada kowa ya fita da dare babu fitila da takalmi. Idan maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, a hanzarta zuwa asibiti. Wannan ne ya sa nake ganin nisan gidan daga asibiti da ingancin hanyar da damina su shiga cikin lissafinka kafin kyawun wurin.

Wani mazaunin Wurno ya amsa:

Malam, ina ganin wajibi ne a faɗi wannan a fili. Gabashin jihar nan, wato ƙasashen Goronyo da Rabah da Sabon Birni da Isa, har da wasu sassan Wurno, sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, kuma harin da aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 ya ci rayuka da dama. Sabon gida shi kaɗai a bayan gari, da mota a ƙofa, yana jawo ido. Ina ƙaunar ƙasarmu, ina kuma addu'ar Allah ya dawo mana da zaman lafiya, amma a halin da ake ciki ba zan ba ka shawarar kai iyali su kwana a keɓantaccen wuri ta wannan ɓangare ba. Ko a ina ka zaɓa, ka riƙa tuntuɓar mutanen gari kafin kowace tafiya, kuma kada ka yi tafiyar dare.

Mai shirin ritaya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Bisa ga abin da kuka faɗa, hankalina ya fi karkata ga Kware, kuma zan nemi fili a kan tudu a gefen ƙauye, inda ana iya hango ruwan a kuma taka zuwa masallaci. Tambayata ta ƙarshe ga Baba mai safiyo ita ce, da ginin ƙasa da na bulo, wanne ya fi dacewa da irin wannan wuri?

Tsohon ma'aikacin safiyo ya amsa:

Idan sanyi kake nema, ginin ƙasa mai kaurin bango ya fi bulo nesa ba kusa ba, domin yana hana zafin rana shiga ɗaki, da dare kuma ba ya riƙe zafi kamar siminti. Sai dai yana son kulawa, ga shi kuma ba kullum kake nan ba. Abin da zan ba ka shawara shi ne a yi harsashi da dutse da siminti, a ɗaga shi sama da ƙasa kamar zuwa gwiwa saboda damshi da gara, a ɗora bangon tubalin ƙasa a kai, sannan a yi rufin kwano mai faɗin baki wanda zai kare bangon daga dukan ruwa, a sa silin a ƙarƙashinsa. Ruwan sama da iskar damina a nan galibi daga gabas suke bugowa, don haka bangon gabas shi ne za a fi yi wa yaɓe mai kyau, a riƙa sabunta shi kafin faɗuwar ruwa. A yi tagogi masu fuskantar juna domin iska ta ratsa, a dasa dogon yaro ta yamma da ɗan nisa daga gini saboda saiwa. Ka fara aikin bayan kaka, lokacin da hanya ta bushe, magina 'yan ƙauyen kuma sun gama da gonakinsu.