Wai da gaske ana gina sabuwar ƙoda a labo yanzu?

Ɗan Bukoki:
Slm jama'a. Kawuna na wankin ƙoda nan Yamai, duk ya rame. To wani ya turo bidiyo a gurup ɗin dangi na WhatsApp wai akwai kilinik a waje da ke ɗibar ƙwayoyin jikin mutum su gina mishi sabuwar ƙoda a labo, ba sai wani ya ba shi tashi ba, amma sai an fara aika kuɗin kama layi. Har an fara zancen saida filinshi. Dan Allah wanda ya sani ya faɗa mana.

Ɗalibar likita:
Waslm. Allah ba kawu lafiya. Kar ku saida komi wlh, babu inda ake dasa ma mutum ƙodar labo a duniya yanzu. Binciken dai akwai shi, kuma abin da ya fi yin nisa shi ne fata, ana yanko ɗan guntu kamar tambarin wasiƙa a rene shi cikin kwano sati uku haka ya yi faɗi, a 2015 ma a Bochum ta Jamus sun sake ma wani yaro ɗan Siriya mai shekara 7 kusan kashi 80 cikin ɗari na fatarshi ta wannan hanya, ya warke ya koma lakwal. Sai mafitsara, Anthony Atala a Amurka ya dasa ma mutum 7, ya fitar da sakamakon a 2006. Amma ka lura, fata shimfiɗa ce, mafitsara jaka ce. Ƙoda kuwa tana da 'yan matatai wajen miliyan guda, kowace da jijiyar jininta, kuma ƙwayar da ta yi nesa da jijiya ko da rabin milimita ne mutuwa take yi don iska ba ta kai mata. Nan ne aka maƙale har yau.

Ba'adare:
Hajiya ta gama magana. Ku nemi labarin Paolo Macchiarini, a da babban lokotoro ne fa a asibitin Karolinska na Suwidin, ya riƙa sa ma mutane maƙogwaron roba da ya shafa ma ƙwayoyin ɓargo, yawancinsu suka mutu, a 2023 kotu ta yanke mishi shekara biyu da rabi. In can an yi haka ina ga mai lambar WhatsApp.

Malam Katako:
Ni na ji har ƙodar alade suka sa ma wani, a'uzubillahi

Ɗalibar likita:
Eh malam, a Boston ne watan Maris 2024, an gyara ƙwayoyin gadon aladen tukuna, mutumin ya yi kamar wata biyu ya rasu. Gwaji ne har yanzu. Ɗan Bukoki, ku tambayi likitan da ke bin kawu ko jikinshi zai ɗauki dashe daga ɗan'uwa, a fara da gwajin jini.

Ɗan Bukoki:
Na gode anti. Zan tura ma gurup ɗin yanzu kafin dillali ya zo gobe. Gwajin ana yin shi nan Yamai ko sai an fita?