Wai alias aikin rago ne?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Yau wallahi an ɓata min rai. Wata shida ina tara alias, wato gajerun sunaye da ke tsayawa a madadin dogayen umarni, a sabar ofishinmu, sun kusa talatin, duk a cikin fayil ɗin saiti `.bashrc` na root, babban asusun sabar. In na buga `sabunta` sai ta yi `apt update && apt upgrade`, `wuri` ta nuna min `df -h`, `tashi` kuma ta sake tayar da nginx, manhajar sabar yanar gizo. Yau oga ya leƙa ya gani, ya share su kaf, ya ce a gaban yaran da suka zo koyon aiki wai wannan aikin rago ne. Ni kuwa na ce alias na rage ɓata lokaci da kuskuren bugu, kuma duk mai hana shi bai san aikin ba. Ku faɗi tsakaninku da Allah.

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Ni ban ga zagi a nan ba. Ita kwamfutar ma ai don rago aka ƙera ta. Da ba don ragwanci ba da har yanzu da biro muke lissafin albashi.

Injiniya: A'a Baban Ilham, kada ka haɗa. Rago shi ne wanda aiki ya fi ƙarfinsa ya gudu. Wanda ya zauna ya gajarta aiki sunansa mai dabara.

Baban Ilham: Wanda ka siffanta matsoraci ne, Injiniya. Rago yana iya aikin, ganin wahalar ne ba ya so.

Malamin Hausa: Ku duka kun kauce. Wanda ba ya son wahala malalaci ne. Rago kuwa marar juriya ne, shi ya sa ake cewa ragon namiji. Ogan nan da malalaci ya ce da ya fi daidai.

Ɗan Fagge: Malam yanzu gyara masa zagin kake yi?

Basakkwace: Mu nan raggo muka sani. Rago na Layya ne. In oganka rago ya ce maka to ka gode, bana ba kowa ya iya sayensa ba.

Baban Ilham: Hahaha, Allah ya shirye ka.

Malamin Hausa: Rubutu ɗaya ne a daidaitacciyar Hausa, tsawon wasali da karin sauti ne suka raba su.

Basakkwace: Daidaitacciya wai. Ku ce Kananci kawai.

Maman Sadiq: Ƙanina Ɗan Fagge, ka bar su da ragonsu ka saurare ni. Ni alias ya taɓa ja min kuka. Na yi shekaru a kan CentOS, wani nau'in Linux, inda root ke zuwa da `alias rm='rm -i'` tun daga farko, ba ta goge komai sai ta tambaye ka. Hannuna ya saba. Ranar da aka ba ni wata saba mai Ubuntu, na shiga folda na buga `rm *` da niyyar in riƙa zaɓa, wannan e, wannan a'a. Ba ta tambaye ni komai ba. Layi ya dawo fes kamar ba abin da ya faru. Na buga `ls`, wayam. A nan na kwana ina sake rubuta fayilolin saiti daga abin da na iya tunawa. Kuma kai a root ka zuba naka, wurin da ba kai kaɗai ke shiga ba. In wani ya buga `tashi` bai san me take tayarwa ba fa? Ka sa su a `~/.bash_aliases` na asusunka, Ubuntu tana karanta shi da kanta.

Ɗan Fagge: Anti ai wannan gangancinki ne, ba laifin alias ba.

Maman Sadiq: Na gode.

Injiniya: Mu koma kan maganar rago. Alias daga csh ya fito, wani shell, wato manhajar da ke karɓar umarnin da ka buga, wanda Bill Joy ya rubuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a ƙarshen shekarun 1970. Bash ma, shell ɗin da muke amfani da shi, sai 1989 Brian Fox ya fitar da shi. To Bill Joy rago ne? Mutumin da ya rubuta vi, manhajar gyara rubutu?

Baban Ilham: Au, shi ya rubuta vi? To wannan ba rago ba ne, mugu ne. Rana ta farko da na shiga vi sai da na kashe kwamfutar kafin na fita.

Injiniya: `:wq` ne ya gagare ka? Ka ga rago na gaskiya. Je ka ci gaba da nano, mai sauƙin.

Baban Ilham: Da nanon nake ciyar da iyalina, ranka ya daɗe.

Sabon Shiga: Don Allah yayyena tambaya. In na buga `ll` tana yi, in na buga `sudo ll` don ta yi da ikon root sai ta ce ba ta san umarnin ba. Me ya sa?

Ɗan Kali: Duk wannan rigimar ta masu bash ce. Ku dawo shell ɗin zsh ku huta. Apple ta mayar da shi na asali tun 2019 a macOS Catalina, Kali Linux ma ta bi a 2020. Akwai `alias -g` da za ka sa a ko'ina cikin layi, ba sai a farko ba.

Injiniya: Ka nuna min sabar aiki guda ɗaya da ka shiga ka tarar da zsh.

Baban Ilham: Shi ai ba ya shiga saba, wayifayin maƙwabta yake bi.

Ɗan Kali: Baban Ilham ka janye wannan maganar. Ni ba ɓarawo ba ne.

Baban Ilham: Wa ya ce ɓarawo? Kai ka kawo kalmar.

Ɗan Kali: Admin kana gani.

Maman Sadiq: Sabon Shiga, `ll` ba umarni ba ne na gaske, laƙabi ne da Ubuntu ta ba `ls -alF`. Bash kalmar farko kawai take dubawa ko alias ce, shi kuma sudo bai san da shi ba. Ka sa `alias sudo='sudo '` da tazara ɗaya kafin alamar rufewa, sai ta duba kalma ta biyu ma. In kana shakkar wani umarni ka buga `type ll` ta gaya maka mene ne. Kada kuma ka sa alias a cron, mai gudanar da umarni a lokacin da aka tsara, can ba ya aiki.

Malamin Hausa: Hajiya, laƙabi ko inkiya?

Maman Sadiq: Malam don Allah.

Ɗan Fagge: Ni har yanzu ba wanda ya ce min oga ya yi daidai ko bai yi ba.

Basakkwace: Ya biya ka albashi?

Admin: To jama'a ya isa haka, dare ya yi. Abin da muka fahimta a taƙaice: kusan kowa ya yarda alias ba ragwanci ba ne, dabara ce, kamar yadda Injiniya ya kawo hujja da tarihi, kuma ba wanda ya iya karya ta. Ogan Ɗan Fagge bai kyauta ba. An kuma tabbatar bash ne na masu aiki, zsh ado ne, nano kuma na masu koyo. Maman Sadiq ta ba da labarin wani kuskure da ta taɓa yi, Allah ya kiyaye gaba. Ɗan Kali, a rage zafin rai. An rufe wannan maganar.

Baban Ilham: Yaushe aka tabbatar da na nano? Admin kai da Injiniya ai ajinku ɗaya a makaranta.

Sabon Shiga: Anti na sa tazarar, `sudo ll` ta yi. Allah ya saka da alheri.

Basakkwace: Admin, raggo dai. Da g biyu.