Wutar batir ta kama min a hanyar Zariya, jibi kuma ina da tafiya

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Jiya Lahadi muka je ɗaurin auren ƙanwar mai ɗakina a Zariya. Ni ban ma yi niyyar zuwa da mota ba, ita ta matsa, wai ba za ta shiga ta haya da yara uku da kuloli ba. Haka muka cika but har da buhun shinkafar gudummawa. A dawowa bayan magariba, mun ɗan wuce Kwanar Ɗangora, sai jar wutar nan mai hoton batir ta kama. Ban tsaya ba, kun san hanyar da dare. Kafin mu kai Kura fitilun gaba sun koma kamar aci-balbal, rediyo ya ɗauke. Da salati muka shigo gida. Yau da safe na murɗa makulli, ƙas-ƙas-ƙas kawai take yi. Batirin ko wata uku bai yi ba, sabo dal na saya a shagon yayan mai ɗakin nawa. Jibi Laraba zan kai Hajiyarmu Gusau ta'aziyya, ta riga ta gaya wa kowa. Batir zan sake ko me?

Na Malam Direba:
Wa alaikumus salam. Altaneta ce, mai yi wa batir caji, an gama magana. Shekara 22 ina kan titi, Kano zuwa Legas. Wutar nan ba batir take nufi ba, cewa take yi caji ya tsaya. Abin da ke cikin batirin ka yi ta sha har ya ƙare. Ka sa a tayar da ita da wani batirin, tana aiki ka zare kan batir ɗaya. In ta mutu, altaneta ta tafi. Ka shiga Ƙofar Ruwa ka ɗauko Beljiyam.

Maman Khalifa:
Hmm, Beljiyam. Bara aka sa wa maigidanmu wata, ashe tsohuwa aka wanke da fetur aka fesa mata fenti. Sati biyu ta yi. Da ya koma, mai shagon ya ce ai ba a garantin kayan wuta. Har yau in an tuna maganar a gidanmu ba a cin tuwo cikin daɗi.

Ɗan Rewaya:
Yallaɓai, ba ka faɗi irin motar ba. Wutar kuma tsayawa ta yi cak ko tana kamawa tana ɗaukewa? Ka ji ƙugin bel? Sitiyari ya yi nauyi? Sannan Oga Na Malam, da girmanka, zare kan batir injin na aiki dabarar zamanin 504 ce. Motar da ke da birenbos, wato kwamfutar injin, wuta na iya haurawa ta ƙone shi. Mita ake sawa. Injin a kashe, batir mai cikakken caji zai nuna wajen volt 12.6. In an tayar, ya kamata ya hau 13.5 zuwa 14.5. In ya tsaya a 12 ko yana sauka, ba ta caji.

Baban Ummi:
Corolla ce 2005. Da farko tana kamawa tana ɗaukewa, kusan sati biyu ke nan, amma da na taka totur sai wutar ta mutu, shi ya sa ban ɗauke shi komai ba. Jiya ne wutar ta tsaya cak. Ƙugi kam da safe ana ɗan yi, bakanikena ya ce sanyi ne.

Na Malam Direba:
Ka ji ko? Birosh ɗin cikin altaneta ya cinye. Na faɗa tun farko. Ɗan Rewaya, mun zare kan batir a motoci sun fi ɗari, ba wadda ta ƙone.

Ɗan Rewaya:
Zai iya zama birosh, zai iya zama aisi ɗin ciki mai daidaita caji, amma ƙugin safen nan ya fi kama da bel ya saki ko tenshina mai ɗame shi ta gaji. A Corollar nan bel ɗaya ke juya altaneta da famfon ruwa da AC. In ya tsinke a hanya, caji ne ƙaramar matsala, injin zai ɗau zafi cikin mintuna. A fara duba bel, da kan batir ko ya yi farin gari ko ya yi sako-sako, da fis ɗin altaneta. Kada a kashe kuɗin altaneta kan abin da sifana za ta ɗaure.

Abu Sadik:
Ni fa batirin nake zargi. Jabu ya cika kasuwa, sitika kawai suke liƙawa. Ka mayar masa. Haka wani ɗan uwana ya yi min da taya, zumunci ya hana ni magana, na kwana a ciki.

Baban Ummi:
A'a Malam, kada a shiga haƙƙinsa, mutumin kirki ne, bashi ma ya ba ni ban gama biya ba. Bakanikena kuma shekara takwas muna tare. Ni abin da nake tambaya, in na kai batirin aka yi masa cajin kwana, ba zai kai ni Gusau ba? Da rana za mu tafi, ba fitila, ba AC.

Na Malam Direba:
Zai kai ka mana, in ba ka kashe ta a hanya ba. Na taɓa zuwa Kaduna haka.

Ɗan Rewaya:
Famfon mai da koyil da fankar lagireto duk batirin za su sha, Gusau kuma ba nan kusa ba ce. Motar za ta iya mutuwa kana cikin gudu, ga tsohuwa a baya, ga halin da hanyar Funtuwa zuwa Tsafe take ciki. Gwajin mita minti biyar ne, yallaɓai. Gobe Talata kana da yini guda.

Maman Khalifa:
Ku sa Hajiya a motar haya mana, ko dole sai da taku?

Baban Ummi:
Ba ku san Hajiya ba ne. Gobe kuma ina da aiki har la'asar. Maƙwabcina ya ce zai ara min batirin janaretonsa in ajiye a but saboda ko-ta-kwana. Nasa mai amp 62 ne, nawa 75. Zai hau?