Jidda ko Dammam? Kwana uku kacal gare ni

Baban_Khadija:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. A Riyad nake aiki shekara biyar kenan, Hajiyarmu ta zo mana ziyara daga Katsina, mun kaita umara tun satin da ta sauka alhamdulillah, yanzu saura sati uku ta koma gida. To shekaranjiya tana waya da ƙanwarta sai naji tana cewa ita fa teku sai dai ta tagar jirgi, bata taɓa tsayawa a bakinsa ba, wlh maganar ta tsaya min a rai. Na samu hutun Alhamis, in an haɗa da Juma'a da Asabar kwana uku kenan. Mu biyar ne, ni da maiɗakina da yara biyu da Hajiya, kuma tana fama da ciwon gwiwa bata iya doguwar tafiya a ƙasa. Jidda zamu ko Dammam? Kuɗin ma ba wasu masu yawa bane.

Sani_Khobar:
Wa alaikumussalam Baban Khadija, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ni dai ba don a nan nake zaune ba, amma ka duba nisa tukuna. Riyad zuwa Dammam wajen kilomita 400 ne, Jidda kuwa ta haura 900, in da mota ne wuni guda zuwa wuni guda dawowa, me ya rage maka a kwana ukun? In kuma jirgin sama ne tikitin mutum biyar ba wasa bane. Nan kuwa ga jirgin ƙasa na SAR daga Riyad, wajen awa huɗu kun sauka, Hajiya ta miƙe ƙafa ta sha shayinta, yara su kalli raƙuma ta taga.

Kuma Dammam da Khobar da Zahran kusan gari ɗaya ne. Ku kama masauki a Khobar kusa da kornish, wato wajen shaƙatawa na bakin teku, da la'asar ku shimfiɗa darduma a kan ciyawa. Washegari bakin tekun Half Moon, ruwan bashi da zurfi a bakin gaɓa kuma mota na kaiwa dab da shi, Hajiya zata iya tsoma ƙafarta tana zaune kan kujera, ai abin da take so kenan. Yara kuma ka kaisu cibiyar al'adu ta Ithra a Zahran, Aramco ce ta gina, kusa da rijiyar da aka fara samun mai a 1938. Gadar Sarki Fahad mai zuwa Bahrain kilomita 25 ce a kan ruwa, amma kar ka ce zaku tsallaka, mai iƙama (takardar zama) sai da bizar fita da dawowa, ita kuma Hajiya ka san hali da bizar ziyara. Ku zo da rigunan sanyi, iskar dare yanzu tana shiga jiki.

Yar_Hindawiyya:
Haba Malam Sani, a ce tsohuwa na son ganin teku a kaita inda ruwa ke kwance kamar tafki? Yaya Baban Khadija ka kawo Hajiya Jidda. Ni nan aka haife ni, kakanmu da ƙafa ya taso daga Kano ta Sudan ya tsallako Bahar Maliya a jirgin ruwa, duk Bahaushen da ya tsaya bakin ruwan nan yana kallon hanyar kakanninsa ne, wannan Dammam bata da shi.

Ranar farko bayan la'asar kuje masallacin Rahma wanda aka kafa a kan ruwa, in ruwa ya cika sai kaga kamar yawo yake a kai, kayi sallar magariba kana jin igiyar ruwa na dukan ginshiƙai a ƙarƙashinka. Mamata duk sanda muka je bata yarda mu tashi sai an yi isha'i. Da dare ku kalli nafurar Sarki Fahad, ruwan na tashi sama da mita 300, daga cikin mota ma ana gani. Sai Balad, tsohon gari, wanda UNESCO ta sa a jerinta a 2014, gidaje hawa huɗu biyar da dutsen murjani aka gina su, ga tagogin katako da ake kira rawashin, ga gidan Nasif inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, ga Suƙ Alawi in Hajiya zata sayi turare da tasbaha da dabino na tsaraba. Lungunan dai sai da ƙafa, ka nemo mata arabiyya, wato kujera mai taya irin ta Harami, ku dinga turata.

Amma ni abin da nafi so ku yi shine ku sammako kasuwar kifi ta Bangala. Ka zaɓi kifin najil da hannunka, ka buɗe kunnensa kaga ja ne, a auna, a kai wa masu gyara su kankare, daga nan a soya muku shi a ci da shinkafar sayadiyya. Tsohuwar da ta saba da banda da tarwaɗa, ranar zaka ji labari.

Alhaji_Mai_Dabino:
Yaro, duk sun faɗa maka gaskiya amma akwai abin da basu lissafa ba. Jidda zuwa Makka wajen kilomita 80 ne, ga jirgin ƙasa na Haramain. Shekarun baya na kai mahaifina Jidda da sunan hutu, Allah ya jiƙansa, muna zaune a kornish ya tambaye ni ina Makka take daga nan, na nuna masa gabas, yayi shiru, can yace "to me muke yi a nan?" Da asuba muna Harami, tekun nan bamu sake ganinsa ba. Dattijon ƙasarmu baya iya kwana kusa da ɗakin Allah ya ce ruwa yazo kallo.

Don haka ka tambayi Hajiya tun kuna Riyad. In da niyyar umara zaku taso to sai kun ɗau harama kafin jirgi ya wuce miƙati, ana sanarwa a jirgin, ba sai kun sauka Jidda ba. Kuma ka lissafa gwiwarta, ɗawafi da sa'ayi ga Balad ga kornish a kwana uku, ya yi mata yawa.

Baban_Khadija:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Alhaji kamar kana gidan, jiya bayan isha'i na faɗa mata Jidda, bata tambayi teku ba sai tace "ai nan ne kusa da Harami ko?" Na nuna mata hoton masallacin Rahma a waya ta daɗe tana kallo tana ƙara girman hoton da yatsa, tace a nan take son yin magariba. To Jidda zamu insha Allah, na cire yara daga lissafin jirgi, zasu zauna da mamansu, Malam Sani su kuma in an yi hutun makaranta zan kawo maka su ta jirgin ƙasa. Alhamis umara, Juma'a ta huta sai la'asar mu fita bakin ruwa, Asabar da safe kifi. Anti Yar Hindawiyya wace unguwa ya kamata mu kama masauki wadda bata da nisa da masallacin, kuma arabiyyar haya ake samu ko in taho da ita daga nan?