Wai Brooklyn gari ne ko unguwa, kuma wa ke mulkinta?

Ɗan_Makaranta:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah ina neman ƙarin haske. Ina karatu kan birnin New York sai na ga an ce Brooklyn na da mutum sama da miliyan 2.7 a ƙidayar 2020, amma wai ba ta da magajin gari nata, shiyya ce kawai cikin shiyyoyi biyar na birnin. To ta yaya wuri mai wannan ɗimbin jama'a zai zauna haka? Kuma shi wanda suke kira shugaban shiyya, mene ne aikinsa takamaimai?

Mai_Son_Tarihi:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai da can birni ce mai cin gashin kanta. Turawan Holan ne suka kafa ƙauyen suka sa masa Breuckelen, sunan wani gari na ƙasarsu, a 1834 ta zama birni da magajin garinta da komai. Da aka buɗe gadar Brooklyn a 1883 sai zirga-zirga da Manhattan ta yi sauƙi, maganar haɗewa da birnin New York ta ƙara ƙarfi, aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi a 1894 kuma wallahi da kyar masu son haɗewa suka sha a Brooklyn, ratar ƙuri'a 277 kacal. Ranar 1 ga Janairun 1898 aka haɗe. Ginin nan da shugaban shiyya ke zama a ciki yanzu, Borough Hall, shi ne ofishin magajin garinsu na da. Ni duk sanda na tuna 277 ɗin nan sai abin ya tsaya min a rai.

Yaya_Babba:
Ƙanina, batun aikin shugaban shiyya kuwa, da yana da ƙarfi sosai. Akwai wata hukuma mai duba kasafin kuɗi da kwangiloli da harkar filaye, shugabannin shiyyoyin nan biyar kowa na da ƙuri'a ɗaya a ciki. Matsalar ita ce Brooklyn mai mutum sama da miliyan biyu ƙuri'arta ɗaya, shiyyar Staten Island da ba ta kai rabin miliyan ba ita ma ɗaya. A 1989 kotun ƙolin Amurka ta ce wannan ya saɓa wa tsarin mulki, aka rushe hukumar a 1990, ikon ya koma hannun magajin gari da majalisar birni mai kansiloli 51. Yanzu yawanci shawara yake bayarwa kan gine-gine da filaye, sai naɗa mambobin kwamitocin unguwanni, guda 18 ne a Brooklyn, da ɗan kason kuɗin ayyuka da yake rabawa.

Mai_Son_Tarihi:
Haka ne Yaya, amma kar a raina kujerar fa. Eric Adams daga kanta ya taso, ya riƙe ta daga 2014 zuwa 2021 sannan ya zama magajin gari. Kuma Brooklyn ita ce gundumar Kings ta jihar New York, shi ya sa har yau su ke zaɓen babban mai gabatar da ƙara nasu.

Ɗan_Makaranta:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Hukuncin kotun dai na ga adalci ne, amma gaskiya ya ba ni tausayi a ce saboda an tauye Brooklyn aka kai ƙara, ƙarshe kuma shugabanta ya rasa ko ƙuri'a ɗayan da yake da ita. Yaya, su kwamitocin unguwannin nan, in suka ƙi wani gini maganarsu na hanawa ne?

Yaya_Babba:
A'a, shawara ce kawai. Za su saurari jama'a su rubuta ra'ayinsu, amma in har sai an canza dokar filin wurin, yawanci kansiloli ne ke yanke hukunci.