Tawada da launin zayyana daga ƙasa da tsiro: daga ina ake farawa?

Ɗan Gangare

Assalamu alaikum malamai. Ina son in yi wa ƙanena allon zayyana na saukarsa da hannuna, kuma ba na son fentin kanti. Burina komai ya fito daga ƙasa da tsiro, aikin ya zame mini wurin natsuwa da tafakkuri. Gwaji biyu na yi, duk sun watse. Tawadar gawayin tana bin yatsa bayan ta bushe, jan da na haɗa da zoɓo kuma ya koma ruwan toka cikin 'yan kwanaki. A nan Jos me zan iya samu, yaya ake haɗawa? Sauran wata huɗu saukar.

Alaramma na Dilimi

Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a saukar. Malam, baƙar tawada iri biyu ce, kuma rashin bambance su ne ke ɓata wa mutane aiki.

Ta farko ta allo ce, wadda ake rubutawa a wanke. Gawayi ne da ƙaro kawai. Gawayin aduwa aka fi so, shi ne zuge a bakin mutanen tsangaya, domin yana da laushi kuma ba ya da tsakuwa. Taka tana bin yatsa ne saboda ɗayan biyu: ko ƙaro ya yi kaɗan, ko niƙan bai yi ba. Gawayi ba ya narkewa a ruwa, ƙaron ne ke riƙe ƙurarsa ya manna ta. Ka sami ƙaro mai haske, ka daka, ka jiƙa ludayi 1 a ruwa ludayi 2 ya kwana, da safe ka tace da ƙyalle. Gawayin kuma ka daka ka tankaɗe, ka ɗebi cokali 3, ka zuba ruwan ƙaro cokali 2, ka yi ta niƙa a kan dutse mai santsi kamar minti 30. Idan ka murza tsakanin yatsu ka ji gurus-gurus, da saura. Gwajinta sauƙi gare shi: ja layi a takarda, bari ya bushe, goga da babban yatsa. In ya bi yatsa, ƙara ƙaro. In yana ƙyalli kuma ya tsage da ka naɗe takardar, ƙaro ya yi yawa, sai a ƙara gawayi da ruwa.

Ta biyu ita ce 'yambari, wadda marubuta Alƙur'ani ke amfani da ita a takarda, kuma ita ta dace da aikinka tunda ba wankewa za a yi ba. Ka nemi busasshiyar bagaruwa wajen masu kayan jima ko masu saiwoyi, kamar cikin hannu 2. Cire 'ya'yan, ka daddaka ɓawon, ka jiƙa a ruwa lita 1 kwana 2, sannan ka dafa a tukunyar ƙasa har ruwan ya koma rabi. Tace, ka jefa kashin maƙera, wato dattin ƙarfen da ke saura a maƙera, a ciki, ko tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa. Sababbin ƙusoshin nan masu sheƙi ba sa yi, an lulluɓe su da wani ƙarfe da ke hana tsatsa, kuma tsatsar muke nema. Ka bar shi kwana 3 zuwa 7, kullum kana gwadawa. Baurin bagaruwa ne ke haɗuwa da ƙarfe ya haifi baƙi. Da ka ga ya kai, cire ƙarfen, ka sa ruwan ƙaro cokali 2 zuwa 3.

Kada ka tsorata in ka rubuta ka ga ta fito fari-fari. Sai ta sha iska take yin baƙi, wani lokaci sai washegari. Masu gaggawa a nan suke ƙara ƙarfe, kuma ƙarfe in ya yi yawa rubutun yakan koma ruwan ƙasa, daga baya ya cinye takardar ta huje a bin layin. Ruwan sama ya fi na rijiya. Ka jefa kanumfari 4 ko 5 a cikin kurtun, yana rage fumfuna. Kuma 'yambari ba ta rubutun sha ba ce, a kiyaye ta daga yara.

Hajiya Mai Rini

Ɗana, zoɓo ba shi da laifi, kai ka ɗora masa abin da ba aikinsa ba. Jansa ba ya zama. Rana tana cinye shi, kuma ko ɗan kanwa ko toka ya taɓa shi sai ya juye ya koma shuɗi-shuɗi ko kore mai duhu. Haka gangamau yake, ranar farko rawaya kamar zinariya, bayan 'yan makonni a hasken taga ya kode. A bar su a kicin.

In kana son ja mai daɗewa, ƙasa za ka nema, kuma Filato ba ta rasa jar ƙasa ba. Ba kowace ja ce ke ba da launi ba. Ka jiƙa yatsa ka murza ɗan gutsure a bayan hannunka: in ya bar tabo mai kauri kamar jan baki, ta yi, in ya zube kamar yashi, wuce ta. Inda ruwa ya zaizaye gefen hanya ko bakin kwazazzabo nan ake ganin ƙasa hawa-hawa, ja a sama, rawaya a ƙasanta, wani wurin har da fara. Kowace ka ɗiba a leda daban, kada ka gauraya.

Wankewar ita ce aikin. Zuba gwangwanin madara 2 na ƙasar a bokiti, ka cika da ruwa, ka dama da hannu har ta narke. Ka ƙirga zuwa 40, yashi da tsakuwa za su kwanta, sai ka tsiyaye ruwan sama mai launi cikin wani kwano, ka zubar da na ƙasan. Ka sake yin haka sau 2. Na ƙarshen a rufe shi ya kwana. Da safe za ka tarar ruwa ya yi garau a sama, a ƙasa kuma ga wani laka mai santsi kamar kindirmo. Shi ne launinka. Kada ka yi mamaki in gwangwani 2 bai ba ka abin da ya wuce cokali 5 ko 6 ba. Shanya a inuwa, niƙe, sannan ka kwaɓa da ruwan ƙaron da Alaramma ya bayyana, daidai wa daida, ka sassauta da ruwa.

Ga wata dabara: rawayar ƙasa in ka soya garinta a busasshen kasko, a kan idonka za ta rikiɗe ta koma ja, domin wuta ta kore ruwan da ke ɗaure a cikinta. Da ƙasa ɗaya ka sami launi biyu ke nan, har uku in ka sauke rabi tun kafin ta gama juyawa.

Ja mai haske irin na fatar dukawa kuma, karan dafi ne. A daka, a jiƙa a ruwan ɗumi da ɗan kanwa kamar ƙwayar wake, nan take zai saki launi ja kamar jini. Kanwar in ta yi yawa sai ya yi duhu. Shuɗi daga shuni yake, a niƙa shi sosai da ƙaro domin shi ma ba ya narkewa. Kore shi ne mai wahala: ruwan ganye ko wane iri ne yakan koma ruwan ƙasa, don haka shuni ake haɗawa da rawaya, kaɗan-kaɗan. In wani ya kawo maka zarniki ya ce shi ne rawayar mutanen da, gaskiya ne, amma guba ne. Kada ya shigo gidan da ke da yara.

Malamin Zane, Naraguta

Hajiya ta gama magana a kan launi, sai dai zan ƙara gargaɗi ɗaya da ya shafi Jos musamman. Farar ƙasa da ƙasa mai launi sun fi fitowa fili a tsofaffin ramukan kuza, wajen Rayfield, Bukuru har zuwa Barikin Ladi, kuma nan ne bai kamata a je ɗiba ba. Kududdufan suna da zurfi, bakinsu yana zaftarewa. Tarin baƙin yashin da ya rage bayan an wanke kuza kuma yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin da ke cutarwa, ba abin da za a niƙa a ɗaki a shaƙi ƙurarsa ba ne. Farar ƙasa a saya a kasuwa, arha gare ta. Ja da rawaya a nema a gefen gona ko gindin tudu, bayan an yi wa mai wurin sallama an nemi izini. Cikin gwangwani 2 ya isa allo guda har ya yi saura.

Allon kansa: goge shi da takardar yashi, ka shafa farar ƙasa da aka kwaɓa da ruwan ƙaro, shafi 3 marasa kauri, kowanne ya bushe kafin na gaba. Shafi ɗaya mai kauri ɓarewa yake yi kamar ɓawon ƙwai. Wasu kan manna takarda mai kauri a kan allon su yi zayyanar a kanta, kuma ga mai farawa wannan ya fi, tunda in ta ɓaci sai a canza takarda.

Zanen ba ya bukatar kayan makaranta. Ƙusa da zare sun isa. Ja da'ira, sannan ba tare da ka canza tsawon zaren ba ka taka shi a bakin da'irar: sau 6 cif zai zagaye ya dawo inda ya fara. Daga waɗannan ɗigo 6 tauraro da fure mai kunne 6 suke fitowa. In kashi 8 kake so, yanki takarda zagayayya ka ninka ta sau 3, ka buɗe, layukan ninkin su ne ma'auninka. Fara da launi mai haske, rawaya, sannan ja, sannan kore, baƙin layi shi ne na ƙarshe domin yana rufe inda hannu ya zarce. Kada ka sa launi kusa da wanda bai bushe ba, za su shiga juna. Kuma 'yambari in ta hau kan karan dafi mai kanwa da yawa takan dushe, a gwada a gefe tukuna.

Yanayin Jos yana da nasa hukunci. Da damina ƙaro ba ya bushewa da wuri, aiki ya yi danƙo, tawada ta yi fumfuna. Da hunturu kuma tana bushewa a bakin alƙalami kafin ka kai ƙarshen layi, sai a rage ƙaro, a rufe kurtu, a ajiye ruwa kusa. Gamba ta alƙalami sai ciyawa ta bushe bayan ɗaukewar ruwa ake yankanta. In da hali ka leƙa gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. Akwai tsofaffin rubuce-rubucen Larabci a ajiye, kuma a sashen gine-ginen gargajiya akwai kwaikwayon masallacin Zariya, inda za ka ga yadda magina suka sarrafa layi da ƙasa zalla.

Alaramma na Dilimi

Na bar batun tafakkurin, ga shi. A Suratul Faɗir, aya ta 27, Allah ya ambaci ruwan da ya saukar daga sama, da 'ya'yan itatuwa masu launi daban-daban, sannan ya ambaci duwatsu masu zane-zane, farare da jajaye da baƙaƙe ƙirin. Wanda ya tsaya gaban zaizayayyen tudu yana neman inda ja ta ƙare rawaya ta fara, ai ayar ce a gabansa. Don haka kada ka aiki yaro ya ɗebo maka ƙasar. Ka je da ƙafarka, da sassafe, kuma wayar ta zauna a aljihu.

Niƙa ma wuri ne. Minti 30 hannu yana kai da komo a kan dutse, harshe ba shi da aikin yi, sai a ba shi istigfari ko salati. Amma wajen jan layi ban yarda a haɗa da ƙirgen tasbihi ba, hankali biyu ne, ɗaya zai ci ɗaya. A ja numfashi, a ja layin, a saki.

Malamin Zane, a nan na ɗan saɓa maka. Takarda ta fi sauƙi, haka ne, amma wanda ya san zai iya yagewa ya sake ba ya natsuwa kamar wanda ya san allon ke nan guda ɗaya. Ya yi gwajinsa a takarda sau goma in ya so, aikin kansa ya hau allo.

Ladubba kaɗan: zayyana ba ta ɗaukar siffar mai rai. A fara da ado, ayoyi su zo ƙarshe, da alwala, kuma a ba wanda ya iya rubutun ya duba kafin a sa tawadar da ba ta gogewa. Wasali da ja ake yi, hamza da rawaya, kada a juya su don neman kyau. Takardun gwaji da ke da aya a kansu ba a jefa su a shara.

Ɗan Gangare

Allah ya gafarta Malam, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na gode ƙwarai, zoɓo ya koma kicin. Tambaya ɗaya ta rage: in an gama, a shafa masa wani abu don ya daɗe?

Malamin Zane, Naraguta

Kada ka sa banish na kafinta, yana sa farar ƙasa ta yi duhu kamar an zuba mata mai, kuma ba ya ciruwa. Ruwan ƙaro ma kada a bi saman da shi, jiƙa launin zai yi ya kwashe. Bar shi mako 2 ya bushe sarai, sannan ka ɗora farar takarda a kai ka murza a hankali da bayan cokali, zai yi ɗan sheƙi. A naɗe shi da farin ƙyalle har ranar sauka. Bayan nan a rataye shi a bangon da rana ba ta duka, ba na jikin banɗaki ko kicin ba, kuma da damina a sa ɗan katako a bayansa don kada ya jingina da bango mai raɓa.