Muryar marigayi abokin aikina na cikin wayar da gilashinta ya mutu

Assalamu alaikum. Abokin aikina ya rasu bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda, Allah ya jiƙansa. Shekara bakwai muna ofis ɗaya. Lokacin da yake zuwa wankin ƙoda, kusan kullum sai ya turo min saƙon murya ta WhatsApp, har da wasu da ya yi wa 'ya'yansa nasiha. Matarsa ta roƙe ni in tura mata su.

Matsalar ita ce wayar ta faɗi, gilashin ya yi baƙi ƙirin. Tana kunnuwa, tana ƙara in an kira, amma ba a ganin komai. Na sa layina a sabuwar waya, saƙonnin ba su dawo ba, ashe ban taɓa kunna ajiya a Google Drive ba. Na jona ta da kwamfuta, babu fayil ko ɗaya da ya fito, tunda a kulle take da lambar sirri. Mai gyara ya ce sai dai a yi mata filashin, na ƙi, don komai zai goge.

Don Allah, ta yaya zan buɗe wayar Android da gilashinta ya mutu in kwashe saƙonnin nan ba tare da sun goge ba?